Nas ɗin Makaranta a Zamanin Kulle

Ranar 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Ingila saboda annobar korona, bayan kwana uku kuma aka kafa dokar kulle. Gwamnati ta bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan ma'aikatan da ƙasa ba ta tafiya sai da su, da yaran da ake jin tsoron halin da suke ciki a gida, da masu buƙata ta musamman. Sai dai waɗanda ake jin tsoron nasu ɗin, kaɗan ƙwarai ne suka riƙa zuwa.

A nan aikin nas ɗin makaranta ya shiga tsaka mai wuya. A can ba mai raba maganin ciwon kai ba ce kawai. Ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin aikinta, sau da yawa kuma makarantu da dama ne a wuyan nas ɗaya. Jarinta ido ne da kunne. Ita ke lura da yaron da ke ramewa, da tabon da bai yi kama da na faɗuwa a filin wasa ba, da yarinyar da kullum ciki ke mata ciwo in an kusa tashi. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, sai ta kai maganar ga ma'aikatan walwalar yara, ta kuma zauna a taron da ake yanke shawarar kare yaron.

Ana rufe makaranta sai idon ya rufe. Daɗin daɗawa, aka kwashe da yawa daga cikin nas-nas ɗin zuwa asibitoci da wasu ayyukan annoba. A ganina wannan gyaran gangar auzinawa ne. Waɗanda suka rage sun yi ta dabara: kiran waya da bidiyo, tsayawa a ƙofar gida daga nesa, ko fita tattaki da matashi don ya samu sakin baki. Tsarin ChatHealth, wanda aka ƙirƙiro a Leicestershire, ya bai wa matasa damar tura wa nas saƙon tes a asirce. Amma yaron da mai dukansa ke tsaye kusa da waya, me zai ce ban da "lafiya lau"?

Rahotannin da ke isa ofisoshin walwala sun ragu a watannin farko, alhali kiraye-kirayen da ƙungiyar kare yara ta NSPCC ke samu sun ƙaru. Cin zalin bai ragu ba, masu ganinsa ne suka ragu. A Yunin 2020 wani yaro ɗan shekara 6 daga Solihull ya rasu bayan azabar da ya sha a gida, kotu kuma ta ɗaure mahaifinsa da matar da yake zaune da ita.

Da annobar ta sake tasowa, a Oktoban 2020 shugabannin jinya na Ingila suka rubuta wa hukumomi cewa kada a sake janye nas-nas ɗin makaranta daga aikin yara.