Tsibiran Ehotilé: ƙasar da masu ita suka nemi a killace

Mai sayayya a kasuwar Treichville ba kasafai yake tuna cewa a kan tsibiri yake tsaye ba. Treichville da Marcory da Koumassi duk suna kan tsibirin Petit-Bassam ne, cikin tafkin Ébrié. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 1951, gine-gine da ɗakunan ajiya suka mamaye gaɓar.

Can gabas, kusa da iyakar Gana, wasu tsibirai sun tsira daga wannan. Su ne tsibiran Ehotilé guda 6 da ke tafkin Aby, a yankin Adiaké, faɗinsu kimanin hekta 550. A 1974 gwamnatin Kwaddibuwa ta mai da su gandun daji na ƙasa, kuma mutanen yankin ne da kansu suka nemi hakan.

A Amurka da Ingila, masu son kare fili sukan kafa ƙungiya, su tara kuɗi, su saye shi, su hana gini a kai. 'Yan ƙabilar Ehotilé ba su sayi komai ba, don ƙasar kakanninsu ce. Akwai kaburburansu da kufan tsofaffin garuruwansu a wurin, tsibirin Bosson Assoun kuma wuri ne mai alfarma a al'adarsu. Takardar hukuma suka nema, wadda za ta tsaya ko bayan dattawa sun shuɗe. A ganina sun yi dabara: baƙo mai kuɗi ba ya tsoron haramcin gargajiya, amma yana shakkar doka.

Dabbobi ma sun ci moriya. Dubban jemagu ke kwana a tsibirin Balouaté, mutanen wurin kuma ba sa taɓa su, don suna danganta su da magabatansu. Akwai ayu a cikin ruwa, ga tsuntsaye iri-iri. Itatuwan da Faransanci ke kira palétuviers sun kafa saiwoyi cikin laka, a nan ƙananan kifaye ke girma. A 2005 aka sa yankin cikin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar. Hukumar OIPR, wadda aka kafa a 2002, ita ke kula da gandun yanzu.

Sai dai ƙauyukan masunta sun kewaye tsibiran, itacen palétuvier kuwa yana da farin jini wajen masu bandar kifi, saboda yana ci a hankali. Ana sare shi a tafkunan gaɓar ƙasar, duk inda ya ƙare kuma kifi na raguwa. Kifin banda da ake kasawa a Adjamé da Treichville, wani daga irin waɗannan tafkuna yake zuwa.