Zazzaɓi Da Ɗaukewar Fitsari: Alamar Da 'Yan Kasuwar Malanville Ke Rainawa

A kasuwar Malanville, idan zazzaɓi ya kama ɗan kasuwa, da wuya ya bar buhunan albasarsa ya nufi asibiti. Sai ya aika yaro wajen mai tebur, ya sha ƙwaya biyu ya ci gaba da ciniki. Sau da yawa a warke. Amma akwai zazzaɓin da ke ɓoye abin da likitoci ke kira sefsis, wato ƙwayoyin cuta daga gyambo, ciwon huhu, taifot ko haihuwa su tayar wa jiki hankali har ya riƙa lalata sassansa da kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 11 ne suka mutu ta dalilinsa a duniya a 2017.

Ƙoda tana cikin waɗanda suke fara shan wahala, domin idan ƙarfin jini ya faɗi, abin da ke isa gare ta sai ya ragu. Kuma ba ta kuka. Awon jinin da aka saba yi, na sinadarin kiriyatinin, yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai nuna ba alhali ɓarna ta fara. Shi ya sa masana ke neman hanyar hango matsalar da wuri. A 2014 Amurka ta amince da wani awon fitsari mai suna NephroCheck, sai dai wannan na manyan asibitocin masu hali ne.

Mu nan abin da muke da shi shi ne fitsarin kansa, kuma ba abin rainawa ba ne. Ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka fitar a 2012 ta ce idan fitsari ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya, har awa 6 a jere, to ƙoda ta taɓu. Mai kilo 60 ke nan mililita 180 a awa 6, abin da bai kai rabin ledar ruwan sanyi ba. Mai jinya ko bai yi boko ba zai iya tara fitsarin a gora ya gani. Idan ga zazzaɓi, ga saurin numfashi, majinyaci ya fara sambatu, fitsari ya ja baya ko ya yi duhu kamar shayi, a tafi asibitin yanki na Malanville a ranar, kada a jira a tashi kasuwa.

A ganinmu babbar ɓarna tana faruwa ne a gida. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan dako da direbobi ke sha kamar gyaɗa, suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda ga wanda ruwan jikinsa ya riga ya ƙare. Allurar gentamicin ta bayan fage da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba su ma suna ƙara mata nauyi. Duk abin da aka sha, a faɗa wa likita.

Idan an zo da wuri, ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta sukan isa ƙoda ta farfaɗo. Idan an makara sai wankin ƙoda, a kama hanyar Parakou, fiye da kilomita 300, ko Kwatano, fiye da 700, da majinyacin da ko zama ba ya iyawa. 'Yan uwanmu masu tsallako kogi daga Gaya su riƙa zuwa da takardun awon da aka yi musu can, domin likita sai ya kwatanta awon jiya da na yau kafin ya san ko kiriyatinin na hawa.