Dalilin da ke sa rumbun bayanai ya musanta umarnin da yake ɗauke da shi

Matasa masu bin diddigin kasafin kuɗi da kwangilolin gwamnati sun fara dogaro da rumbunan bayanai irin su PostgreSQL wajen tantance alƙaluma. Sai dai akwai saƙon kuskure guda da ke yawan tsayar musu da aiki: rumbun ya ce umarnin da aka kira babu shi, alhali yana nan.

Asalin matsalar shi ne PostgreSQL ba da suna kaɗai yake gane umarni ba. Yana duba sunan, da yawan bayanan da aka miƙa masa, da nau'in kowannensu. Idan ɗaya ya saɓa, sai ya mayar da kuskure mai lamba 42883. A Oracle, makamancinsa shi ne PLS-00306, a MySQL kuma 1318 idan adadin ne bai cika ba ko ya zarce.

Misali sananne shi ne umarnin round, mai taƙaita lamba. Idan aka buƙaci ya bar gurbi biyu na kwabo, yana karɓar nau'in numeric ne kawai. Aka ba shi double precision, sai ya ƙi. Tun fitowar siga ta 8.3 a 2008, manhajar ta rage sauya nau'in bayanai da kanta, domin irin wannan sauyi yana haifar da sakamakon da ba a zata ba.

Gyaran na da matakai uku. Da farko a rubuta \df tare da sunan umarnin a cikin psql, don ganin abin da yake karɓa. Sannan a yi amfani da pg_typeof a gano ainihin nau'in abin da ake miƙawa. Daga nan a sauya shi a fili da CAST.

A mataki na uku ake tafka ɓarna. Wanda ya mayar da kuɗi zuwa integer don kawai saƙon ya ɓace, ya zubar da kwabo, kuma wannan nau'i ba ya ɗaukar abin da ya haura 2,147,483,647, adadin da kwangilar hanya ɗaya kan zarce.

Mafi haɗari shi ne kuskuren da ba ya fitar da saƙo. Idan aka musanya gurbin bayanai biyu masu nau'i ɗaya, kamar ranar farawa da ranar ƙarewa, rumbun zai karɓa ya ba da amsa marar tushe. Saboda haka, kafin a wallafa wani adadi a kan jami'in gwamnati, wajibi ne a gwada umarnin da lissafin da aka riga aka san amsarsa.