Wayar da ke gane tsuntsu, da abin da ba ta sani ba game da Dambam

A ƙasar Dambam, a arewacin Bauchi, manomi ba ya jiran sanarwar rediyo kafin ya san damina ta kusa. Da zarar shamuwa ta dawo ta fara jan kirare zuwa kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, sai a shiga sharar gona da fito da iri. Kowa ya san zuwanta, amma kaɗan ne suka san inda take dosa idan kaka ta yi. Masana sun bi sawunta: gabashi da kudancin Afirka take gangarawa, ta ci fara da tsutsa a daminar can, sannan ta juyo ta yi sheƙa a wajenmu. Yadda aka gano haka ba wani siddabaru ba ne. Mutane da yawa ne a wurare daban-daban suka riƙa rubuta tsuntsun da suka gani, da ranar, da wurin. A da wannan aikin masu manyan littattafai da tabarau mai hangen nesa ne. Yanzu ya shigo cikin wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a Azare, kuma ba a biyan ko sisi kafin a same shi.

Manhajar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Merlin Bird ID, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ta fitar a 2014. Ta hanya uku take aiki. Ta farko 'yan tambayoyi ne: a ina ka ga tsuntsun, yaushe, yaya girmansa, wane launi ne a jikinsa, me yake yi, a ƙasa yake kiwo ko a ruwa yake iyo ko a kan waya ya sauka? Sai ta jero maka hotunan waɗanda suka dace da amsarka, kai kuma ka zaɓa. Ta biyu ka ɗauki hoto ka ba ta. Ta uku, wadda aka ƙara a 2021, ita ce ta saurare: ka ɗaga wayar sama da asuba, tsuntsaye na kuka, sunayensu na fitowa a fuskar wayar ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ta ukun ita ta fi ɗaure wa mutane kai, don haka bari mu tsaya a kanta. Wayar ba jin kuka take yi irin na kunnen mutum ba. Tana mayar da sautin zane ne, inda siririyar murya ke hawa sama, mai kauri ta kwanta ƙasa, tsawon kukan kuma ya miƙe daga hagu zuwa dama. Kukan kurciya yakan fito da zanensa a can ƙasa, a hankali, a jere. Na ragon maza ya fito yana gangarowa sannan ya ɗan hau. Kwamfutar da aka horar da dubban irin waɗannan zane-zane, waɗanda masana suka riga suka sa wa kowanne suna, ita ce ke cewa wannan ya yi kama da wancan. Haka ma hoto: an nuna mata miliyoyin hotunan da mutane suka tura daga ko'ina, har ta koyi bambanta baki da baki, fiffike da fiffike. Daga nan sai ta duba inda kake da watan da ake ciki, ta zubar da tsuntsayen da ba a sa ran gani a nan.

Akwai wasu. iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ba ta tsaya kan tsuntsu ba: ƙadangare, malam-buɗe-littafi, kwaɗo, ciyawa, duk tana karɓa. Ita za ta ba da hasashenta, amma mutane ne masu ilimin abin za su duba hoton su tabbatar ko su gyara, kuma sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa sun yarda kafin a ɗauki bayanin a matsayin wanda bincike zai dogara da shi. Ƙanwarta Seek ba ta neman rajista, ta fi dacewa da yara. BirdNET ta sauti ce kawai, PlantNet kuma, wadda cibiyoyin binciken Faransa suka yi, ta tsirrai ce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata, kuma mafi yawan masu koya mata a Amurka da Turai suke. Lokacin da aka fito da sashen saurare na Merlin, tsuntsayen Amurka da Kanada kaɗai ya sani. An faɗaɗa shi daga baya, amma har yanzu tsuntsayen Afirka ta Yamma na cikin waɗanda aka fi ƙarancin naɗar muryoyinsu. Mutum zai iya tsayawa a bakin fadama kusa da Jalam ko Dagauda, daji ya cika da kuka, wayar ta kama biyu ko uku ta yi shiru a kan sauran, ko ta kawo sunan wani tsuntsun da bai taɓa taka ƙasar ba. Ko ma'aunin girman da take nunawa a sashen tambayoyi da tsuntsayen can aka yi shi. Laifin ba na masu manhajar ba ne kaɗai. Jerin tsuntsayen da take tsammani a kowane wuri daga rumbun eBird yake fitowa, wanda Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002, kuma abin da mutanen wurin suka zuba a ciki shi ne ke nan. Inda ba a zuba ba, babu. Yankari da Jos sun samu masu zuwa da kyamara shekara da shekaru. Arewacin Bauchi bai samu irin wannan gata ba.

Abin takaicin shi ne yankin ba na rainawa ba ne. Nijeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma ƙasar Katagum na zaune a kan ɗaya daga manyan hanyoyinsu. Kogin Jama'are ya ratsa ta ya nufi arewa maso gabas, inda ruwansa ke haɗuwa da na Haɗeja su shimfiɗa dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. A kudu, kusa da Misau, akwai tafkin Maladumba, shi ma ya shiga jerin a 2008. Dambam na tsakanin waɗannan ruwaye biyu. Idan sanyi ya kama Turai, agwagin daji da tsattsewa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan ƙetaro Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan, su cakuɗu da kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela na gida. Yaron da ke kiwo a bakin tafki yana ganin baƙin da suka yi tafiyar dubban kilomita, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Akwai 'yan Nijeriya da suka tashi haiƙan don cike wannan giɓi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana zagayawa, gona da fadama da bayan gari, yana shigar da kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji a wata manhajar kyauta mai suna BirdLasser, wadda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Ita ba ta gane maka tsuntsu, rubutawa take yi da wuri da lokaci. Matasan Arewa sun kafa tasu tawagar a cikin shirin, Arewa Atlas Team, sun bi garuruwa da ƙauyukan da babu wanda ya taɓa lissafa tsuntsayensu. A ganina wannan shi ne amfanin wayar na gaskiya: Merlin ta koya maka, BirdLasser ko eBird ta adana abin da ka gani.

Wani zai ce ana fama da tsadar taki, wa ke ta tsuntsu? Manomin gero da dawa da shinkafa ya fi kowa sanin amsar, domin ya san jan baki. Garkensa kan sauka a gona kamar hadari, kafin a kore shi zangarniya ta zama fanko. Kacallar da ta cinye hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ta ba shi mafaka, daga can yake yaɗuwa. Yaƙi da shi na bukatar a san inda yake kwana da inda yake sheƙa, da wuri, kafin 'ya'yan su tashi. Sannan macensa, da namijin idan ba lokacin aure ba, suna kama da wasu ƙananan tsuntsayen da ba su da laifin komai, maganin da ake fesawa daga jirgi kuma ba ya tantancewa, yana kashe har shaho da mujiyar da suka ci gawar. Hoto ɗaya mai wuri da kwanan wata ya fi wa malamin gona amfani a kan labarin an ce an ce.

Sai ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna ta a mahauta da bakin kasuwa, tana tsalle tana jan hanji, ba mai kula ta. Yau sai ka zaga mahautu da dama ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun da muka saba da ita cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Ta ɓace a gabanmu ba tare da wani ya rubuta shekarar da ya daina ganinta a garinsa ba. Gauraka ma haka, tsuntsun da ake yi wa kallon na ƙasa, yanzu ganinsa a dajin Nijeriya ya zama abin labari. Da akwai lissafi tun da wuri, da an farga tun ana iya yin wani abu. Burtu da tuje na nan a kan wannan hanya, kuma su har yanzu da sauran dama.

Wani abin da manhajojin ba su da shi, kuma ba za su samu daga Amurka ba, shi ne ilimin da ke bakin dattawa. Maharbi da masunci da Bafulatanin ruga sun san wanda ke kuka kafin ruwa, da wanda ke sheƙa a kogon bishiya, da wanda ya daina zuwa tun da aka sare gawon fadama. Suna da sunayensu da Hausa da Fulatanci da Karekare, wayar kuwa da Turanci da Latin za ta ba ka. Kowace shigarwa a eBird da iNaturalist tana da gurbin ƙarin bayani. Matashin da ya nuna wa kakansa hoton, ya rubuta sunan da tsohon ya faɗa da abin da ya sani game da tsuntsun, ya adana abin da babu shi a kowane littafi, kuma idan tsohon ya tafi shi ke nan.

Gargaɗi biyu wajibi ne. Kada a dogara da waya a kan maciji ko ganyen magani. Manhaja na iya kuskure, kuma kuskure a kan kububuwa ko kasa ko gamsheƙa rai ne. Ba a matsawa kusa don neman hoto mai kyau. Wanda maciji ya sara kuma asibiti za a nufa da shi nan take, ba a tsaya tambayar waya ba. Na biyu, wanda ya ga sheƙar ungulu ko wani tsuntsun da ake farauta, kada ya baza wurin a Facebook ko WhatsApp. eBird da iNaturalist suna ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari, zauren hira ba ya ɓoyewa.

Batun kuɗi kuwa, manhajar kyauta ce amma data ba kyauta ba ce. Dabarar ita ce a sauke kundin tsuntsayen yankinmu sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, a Azare ko Misau ko Potiskum. Daga nan Merlin na aiki a daji ko babu intanet, abin da aka rubuta kuma a tura idan an dawo gari. Kyamarar ƙaramar waya ba za ta kamo tsuntsun da ke saman giginya ba, amma za ta kamo cilakowa a kan danga da carki a bayan saniya, kuma daga nan ake farawa.

Kirana ga malaman kimiyyar halittu na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, da malaman sakandare na Dambam da Jalam da Dagauda: ku raba wa ɗalibanku gidajen taswirar da ke kewaye da ku, kowane rukuni da nasa, su fita sau ɗaya a wata da waya guda da dattijo guda. Ku fara da wannan damina, ku rubuta ranar da shamuwa ta sauka a kowane gari da yawan sheƙunan da ta yi, ku tura wa masu shirin taswira a Jos.