Monazite: Dutsen da ruwa ya kasa narkarwa, amma yana cikin wayar salula

Lasifikar waya da ƙaramin injin da ke sa ta girgiza idan kira ya shigo suna aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfi da ake haɗawa da wani ƙarfe mai suna neodymium. Wannan ƙarfe ɗaya ne daga cikin sinadarai 17 da masana ke kira "rare earth", wato sinadaran da ba a cika samunsu tattare wuri guda ba. Kafin ya kai masana'antar waya, sai an raba shi da dutsen da ya riƙe shi, kuma a nan ne aikin yake da wuya.

Wane dutse ne wannan?

Ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke ɗauke da waɗannan sinadarai shi ne monazite. A cikinsa, cerium da lanthanum da neodymium suna ɗaure da sinadarin fosfat. Akwai ɗan'uwansa xenotime, wanda shi yttrium ne ya fi yawa a cikinsa. Ana samun monazite a yashin gaɓar teku a jihar Kerala ta Indiya da kuma a Brazil. A Najeriya ma yana nan a cikin ragowar yashin da aka bari bayan haƙar kuza a Filato.

Me ya sa ruwa ba ya cin sa?

Lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da kusan giram 360 na gishirin girki. Monazite kuwa, abin da zai narke a lita ɗaya bai kai ko ƙura ba, sai da na'urar gwaji ta musamman ake gano shi. Dalili shi ne ƙwayar ƙarfen tana ɗauke da cajin lantarki na +3, fosfat kuma na -3, don haka suna riƙe juna da ƙarfin da ruwa ba ya iya ɓallewa cikin sauƙi. Shi ya sa duwatsun da ke kewaye da shi suke ruɓewa ruwa ya tafi da su, shi kuma ya tsira ya taru a cikin yashi tare da sauran ma'adinai masu nauyi.

Abin da ke ƙara masa narkewa shi ne tsami. Idan ruwa yana da asid, fosfat ɗin da ya saki yana haɗuwa da haidirojin, wannan kuma yana ba wa ƙarin ƙwayoyi damar ficewa daga dutsen. Wani abin mamaki shi ne gwaje-gwaje sun nuna cewa a ruwa mai tsami da zafinsa ya wuce digiri 100, ƙarin zafi yana rage narkewarsa, saɓanin yadda sukari ke yi a shayi.

Yadda masana'antu ke yi da shi

Tunda ruwa ba ya iyawa, kamfanoni suna gasa monazite da asid ɗin sulfur mai kauri a zafi mai yawa, ko su dafa shi da soda mai ƙarfi. Bayan haka ne ake jiƙa shi, sinadaran su shiga ruwa, a raba su ɗaya bayan ɗaya. China ce ke yin mafi yawan wannan aikin tacewa a duniya, shi ya sa duk wani takunkumin da ta sa kan fitar da su yakan taɓa masu ƙera wayoyi da motocin lantarki.

Haɗarin da ke biye

Monazite yana ɗauke da thorium, mai fitar da tururin nukiliya. Matuƙar dutsen yana nan yadda yake, thorium ɗin a kulle yake. Da an narkar da shi da asid, sharar da ta rage na iya gurɓata ƙasa da ruwa. A Bukit Merah da ke Malesiya, ƙorafin mazauna kan irin wannan shara ya kai ga kotu, aka rufe matatar a 1994. Ko a Filato, bincike ya nuna yashin wuraren haƙar kuza yana da tururin da ya fi na ƙasar da ke kewaye, don haka bai dace a yi gini da shi ba sai an gwada.