Guzurin Matafiyi: Daga Kuɗin Citta Zuwa Dala, Riyal Da Sefa

KAFANCHAN — Tun shekarar 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa nan zuwa Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin Kafanchan ya zama mahaɗar matafiya. Zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya, amma tafiya ba ta ragu ba, sai ma nisa da ta ƙara. Kowace shekara, da an haƙe citta a ƙasashen Kachia da Kwoi da Kagarko da Jema'a, kuɗi suka shiga hannu, sai ka ji ana shirin hanya: wannan zai je Kwatano ko Maraɗi sarin kaya, wancan ya nufi aikin Hajji ko Umara, wani kuma ziyarar ibada zuwa Isra'ila da Jodan, ban da masu kai 'ya'ya karatu da masu neman magani a Masar ko Indiya.

Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su. Da Naira suka sayar da amfaninsu, amma inda za su, Naira ba ta sayen ko da ruwan sha. Tsakanin buhun citta da aljihun matafiyi akwai canji, wani lokaci har sau uku ko huɗu, kuma a kowane ɗaya akwai abin da ke zubewa. Akasarin asarar da matafiyi daga wannan yanki ke yi ba ɓarawo ke jawo ta ba. Tana faruwa ne a sarari, da yardarsa, a kan teburin canji.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ne ɗan kasuwa ya fi ganewa. Ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. A ɗauka, don misali kawai, cewa kowane canji yana cin kashi 2 cikin 100. Mutum ya ɗauki Naira miliyan ɗaya ya mayar Dala a Abuja, ya sauka Jidda ya mayar Riyal, bai kashe ba, ranar dawowa ya sake mayarwa Dala, ya iso gida ya karɓi Naira. Canji huɗu ke nan, kuma kusan Naira 78,000 sun tafi ba tare da ya sayi ko dabino ba. Idan ɗaya daga cikin canjin a filin jirgin sama aka yi shi, inda farashi ya fi na cikin gari muni, to asarar ta wuce haka. Saboda wannan ne tsofaffin matafiya ba sa canja guzurinsu gaba ɗaya ranar da suka sauka. Suna fasa Dala ɗari, su ci, in ta ƙare su fasa wata, ragowar kuma ta dawo gida a Dalarta.

Mutumin kudancin Kaduna yana da wata matsala da Bakano ko Bakatsine ba shi da ita, wato nisa. Manyan kasuwannin canji suna Wapa a unguwar Fagge ta Kano da kuma Wuse Zone 4 a Abuja. Ba iyakar ƙasa kusa, inda Sefa ke yawo hannu da hannu kamar a Jibiya ko Illela. Wanda ya taso daga Zonkwa ko Kagoro yakan isa Abuja ana gobe tashi, ko ma ranar tashin, da jaka a kafaɗa da gaggawa a fuska, kuma duk ɗan canjin da ya ga haka ya san ba ciniki za a yi ba. Kwana ɗaya da za a ware tun makonni kafin tafiya, a tambayi banki, a tambayi 'yan canji biyu ko uku masu lasisi, yakan biya kuɗin motarsa har da ragi.

Bayan nisa, sai lokaci. Citta tana da kakarta, wajen ƙarshen shekara zuwa farkon wata, amma Hajji yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma Dala ba ta jiran kowa. Tarihin Naira ya isa wa'azi a kan wannan. A 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Da aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, cikin 'yan makonni Dala ta kai wajen Naira huɗu. Daga 1994 zuwa 1998 gwamnatin Janar Abacha ta tsayar da farashin hukuma a kan kusan Naira 22, alhali daga 1995 ɗan kasuwa yana sayen Dala a kan Naira 80 da 'yan kai. A watan Yuni na 2023, da aka haɗe kasuwannin musaya, farashin hukuma ya tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 1,500.

Maniyyatan 2024 sun ɗanɗana wannan. Bayan sun biya kuɗin kujera, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nemi kowa ya ƙaro kimanin Naira miliyan 1.9 a watan Maris, saboda faɗuwar Naira. A wannan yanki abin ya zo a kan gaɓa mafi muni, domin a daminar 2023 ne cutar ruɓa ta cinye gonakin citta, ta bar manoma da yawa ba ko irin shuka. Wannan ba yana nufin kullum Dala hawa take yi ba. A watan Afrilu na 2024 ɗin nan ta sauko ƙwarai na ɗan lokaci, waɗanda suka tara ta da tsada suka ciji yatsa. Wanda ya san lallai zai yi tafiya, abin da ya fi masa shi ne ya riƙa sayen guzurinsa kashi-kashi, ya ajiye a asusun kuɗin waje na banki, wanda Dokar Musayar Kuɗi mai lamba 17 ta 1995 ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa damar buɗewa. Caca da farashi sana'ar wasu ce, kuma su ma sukan ƙone.

Dokokin sayen guzuri daga banki suna sauyawa, don haka a tambaya kafin a shirya. A watan Yuli na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa 'yan canji Dala, ya tura matafiya bankuna, inda a lokacin ake ba mai tafiyar kansa har Dala 4,000 a wata uku, mai tafiyar kasuwanci kuma 5,000, in ya nuna fasfo da biza da tikiti. A Fabrairun 2024 aka umarci bankuna su riƙa biyan wannan guzuri ta kati maimakon tsabar kuɗi. Kati yana da amfaninsa, tunda in ya ɓace ana iya toshe shi, kamar yadda cekin matafiya yake a da. Amma mai gidan abinci a bayan tasha ba ya karɓar kati, na'ura takan ƙi shi ba dalili, kuma kowane cirewa da ladarsa. Waɗanda suka dogara da katin Naira sun ga ta kansu a 2022, lokacin da bankuna suka rage, daga baya suka dakatar da amfani da shi a ƙasashen waje. Hannu biyu ake riƙe guzuri: wani a kati, wani a jiki, kuma na jikin ma kada ya kwana wuri ɗaya.

Ga alhazai lissafin yana da sauƙi, domin tun 1986 Riyal ke ɗaure da Dala a kan 3.75. Guzurin Dala 800 Riyal 3,000 ne. Dala 500 ta 2024 kuwa Riyal 1,875, wato Riyal sittin da ɗoriya a rana ga mai zaman wata guda. Duk wanda aka ba shi ƙasa da haka sosai a Makka ko Madina, an kwashe masa. Wani abin lura kuma shi ne takardun Dala duk girmansu ɗaya ne, ta Dala ɗaya da ta ɗari. Dattijon da bai saba da su ba, ya miƙa ambulan ɗinsa ga wani baƙon fuska da sunan taimako, yana iya karɓar takardu biyar daidai, amma ba waɗanda ya bayar ba. Jami'an alhazai sun sha yin gargaɗi a kan wannan, kuma gargaɗin ya shafi masu zuwa Urushalima ma.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi tuntuɓe shi ne Sefa, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Sefa biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda bankin da ke Dakar ke bugawa, ita ce ake kashewa a Nijar da Benin da Togo da Kwaddibuwa da sauran ƙasashe huɗu. Akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya, ta bankin da ke Yawunde, ta Kamaru da Cadi da Gabon da wasu uku. A takarda darajarsu ɗaya, Sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya tun 1999. A kasuwa kuwa kowace da gidanta, musamman tun 1993 da bankunan biyu suka daina fansar takardunsu da aka fitar waje. Wanda ya sayi Sefar Kwatano ya nufi Garwa da ita, sai ya sake zama gaban ɗan canji, a sake yankar sa. Haka nan, da yake Sefa da Yuro take ɗaure, mai zuwa waɗannan ƙasashe da kuɗi masu yawa Yuro ta fi masa Dala, ko kuma ya sayi Sefar kai tsaye ya huta da canji biyu.

Kada kuma ɗaurin nan ya sa a ɗauka Sefa ba ta motsi. A watan Janairu na 1994 an wayi gari an rage darajarta da rabi, daga Sefa 50 zuwa 100 a kan Faran ɗin Faransa ɗaya. Duk wanda ya kwana da ita a akwati ya tashi da rabin dukiyarsa.

Akwai kuma batun baki. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram in ya ce dala, ba ta Amurka yake nufi ba. Dala a wurinsa Sefa biyar ce. Dala ashirin Sefa 100 ke nan, dala ɗari kuma 500, jika guda Sefa 1,000. Baƙon da ya ji Hausa ya saki jiki, yana ganin an fahimci juna, shi ne yakan ƙulla ciniki a kan adadin da bai gane ba. A rubuta lamba a takarda kafin a ce an sallama.

Takardar kuɗi ita ma tana tsufa, har ta mutu. Gwamnatin Amurka ta ce duk Dalar da ta taɓa bugawa tana nan da ranta, amma 'yan canji daga Kano har Alƙahira sun fi son Dala ɗari mai shuɗin zare da ta fito a 2013, suna rage farashin tsofaffi da ƙananan takardu, su ƙi mai tabo ko yagewa. Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna a 2024 su karɓi tsofaffin, amma umarninsa bai kai teburin Dubai ba. Ingila ta janye Fam 20 da Fam 50 na takarda a ƙarshen Satumbar 2022. Gana ta soke sifiri huɗu daga Sidi a 2007. Wanda ke da ragowar wata tsohuwar tafiya a ƙasan adaka, ya dube ta kafin ya lissafa ta cikin guzuri.

Naira kanta ta yi wa matafiya haka sau biyu. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba da ƙasa da mako biyu a yi canji. Nairar da ke hannun fatake a ƙetare da yawa ta zama takardar banza. A farkon 2023 kuma, lokacin sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, mutum yakan sauka a Abuja da Dala a aljihu amma ya rasa tsabar da zai biya mota zuwa Kafanchan.

Saura hukuma. A Satumbar 1984 an kama mawaƙi Fela Anikulapo Kuti a filin jirgin saman Legas da Fam 1,600, aka yanke masa shekara biyar. Sai a 1986 ya fito. Dokokin wancan zamani sun kau, amma ta bayyana kuɗi tana nan: wanda ke ɗauke da abin da ya haura Dala 10,000, ko kwatankwacinsa, wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan, fita ko shigowa. Bayyanawar kyauta ce. Ɓoyewar ce ke jawo ƙwacewa da gurfana gaban kotu. Saudiyya ma tana neman irin wannan bayani, ƙasashen Tarayyar Turai kuma daga Yuro 10,000. A nan ne al'adarmu ta aike ke zama haɗari. Ɗan kasuwa zai tafi, abokan sana'a biyar su damƙa masa Dala dubu uku-uku ya saro musu kaya. A wurinsa amana ce ta mutum biyar, a wurin jami'i kuwa mutum ɗaya ne da Dala 15,000. Ya cika takardar bayyanawa, ya riƙe rasiɗin banki ko na ɗan canji, ya kuma rubuta sunan kowane mai kuɗi da adadinsa.

Ranar dawowa, a kashe sulalla tun can, domin ba ɗan canjin da ke karɓar su a Abuja ko Kano. Takardun Riyal da na Sefa suna da kasuwa a gida, amma Shekel ɗin Isra'ila ko Fam ɗin Masar da wuya a sami mai so, gara a mayar da su Dala kafin a hau jirgi. Kuɗin mota daga filin jirgi zuwa tasha, da na tasha zuwa Kwoi ko Kafanchan, a ware su cikin Naira tun ranar fita, a sa su wuri ɗaya da makullin gida.