Katin Banki da Guzurin Alhaji: Yadda Kuɗi Ke Tsallaka Teku

Tun zamanin da, babbar damuwar mai niyyar zuwa Makka ita ce yadda zai tsare guzurinsa. Mutanen ƙasar Kano da suka bi hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan sukan ɗinke kuɗinsu cikin ɗamara, idan ya ƙare su tsaya su yi ƙwadago kafin su ci gaba. A yau kuwa maniyyaci daga Ƙaraye ko Rogo yakan tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya sauka Jidda ko Madina cikin 'yan sa'o'i, amma damuwar guzuri tana nan, sai dai ta sake kama. Tambayar yanzu ita ce: kuɗi a hannu, ko kati a aljihu?

A shekarar 2025 wannan tambaya ta kai har fadar gwamnati. Babban Bankin Nijeriya ya so a biya alhazai guzurinsu na Dala 500 ta hanyar kati. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nuna cewa yawancin maniyyata mutanen karkara ne da ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba. Bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, bankin ya amince a ba da tsabar kuɗi. Duk da haka, masu zuwa Umara da fatake da ɗalibai suna dogara da kati, don haka sanin yadda yake aiki ya zama wajibi.

Abin da ke faruwa a cikin na'ura

An fara girka na'urar cirar kuɗi ne a wani reshen bankin Barclays da ke Enfield a arewacin Landan, ranar 27 ga Yunin 1967. Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, babu ko kwabo a cikin katin. Kati mabuɗi ne kawai, kuɗin yana can cikin asusun mai shi. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke jikin katin wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce, wadda ke ƙirƙiro sabuwar shaida ta sirri a duk lokacin da aka yi amfani da shi, abin da ya sa kwaikwayonsa ke da wuya.

Idan manomi daga Rogo ya zura katinsa a na'ura a Makka ya danna lambar sirri, sai na'urar ta aika saƙo zuwa bankin Saudiyya da ya mallake ta. Daga nan saƙon ya bi ta kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, wato Visa ko Mastercard, har ya iso kwamfutar bankinsa a Nijeriya. Ita ce za ta duba ko lambar daidai ce, ko akwai kuɗi, da kuma ko an yarda wa katin ya yi aiki a waje. Amsa ta koma ta hanyar da saƙon ya biyo, duk cikin 'yan daƙiƙu. Riyal ɗin da ya fito na bankin Saudiyya ne. Daga baya bankunan biyu za su daidaita lissafi a tsakaninsu.

Inda gizo ke saƙa

Da yake sarƙar tana da tsawo, ko'ina tana iya tsinkewa. Ba kowane kati ne ke aiki a ƙetare ba. Katin AfriGo da aka ƙaddamar a Janairun 2023, alal misali, an yi shi ne domin hada-hadar cikin gida. Haka kuma a 2022 ƙarancin Dala ya sa bankuna da dama suka dakatar da amfani da katin Naira a waje, sai a watan Yulin 2025 wasunsu suka dawo da shi, kowanne da iyakar abin da ya yarda a kashe.

Sai kuma batun canji. Tun 1986 an ɗaure Riyal da Dala a kan Riyal 3.75, saboda haka Dala 500 tana daidai da Riyal 1,875. Naira kuwa hawa da sauka take yi, kuma da farashin bankin mai katin za a cire masa. Bugu da ƙari, akwai ladan cirar kuɗi. Idan ladan ƙayyadadde ne, wanda ya ciri Riyal 100 sau biyar ya biya sau biyar, wanda ya ciri 500 lokaci guda ya biya sau ɗaya. Wasu na'urorin sukan yi tayin su yi canjin da kansu. Galibi wannan ya fi tsada, gara a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki.

Matsala mafi girma ta al'ada ce. A Ƙaraye da Rogo mutane da yawa sun saba da masu POS, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Mutum yakan miƙa katinsa ga wanda ya san gidansu ya san iyayensa. A Makka kuwa na'ura galibi da Larabci da Turanci take magana, kuma wanda ya matso ya ce zai taimaka baƙo ne. Duk wanda ya sami kati da lambar sirri tare, ya sami asusun gaba ɗaya.

Rigakafi

Ya kamata matafiyi ya je bankinsa kafin tafiya, ya tabbatar an buɗe masa katin, ya tambayi iyaka da lada, ya duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Kada ya rubuta lambar sirri a jikin kati, ya kuma tuna cewa kuskure sau uku yakan sa a toshe shi. Idan ya sauya layin waya da na Saudiyya, saƙon banki ba zai riƙa iso masa ba, don haka ya adana tsohon layin da lambar kiran bankin. Sannan ya raba ƙafa: wani abu a hannu, wani a kati.

Wuraren bitar alhazai na Ƙaraye da Rogo, inda ake koyar da ɗawafi da jifa, su ne suka fi dacewa a koyar da wannan darasi da Hausa, a kuma gwada shi a aikace tun kafin jirgi ya tashi.